A Mayar Wa Ɗan Gudun Hijira Aikin Hannunsa



Duk ranar da aka yi rabon tallafi ga 'yan gudun hijira a Maiduguri, lissafin da ake karantowa iri ɗaya ne: buhun shinkafa kaza, katan ɗin taliya kaza, keken ɗinki kaza, mutum dubu kaza sun amfana. A ɗauki hoto, a watse. Akwai lissafi guda da ba a karantowa: cikin waɗanda aka bai wa kayan, mutum nawa ne bayan wata shida suke tashi da safe suna da wurin zuwa da abin yi, suna ci daga guminsu?

A ra'ayina, wannan lissafi na biyu shi ya kamata ya zama ma'aunin duk wani taimako da za a ce an yi wa wanda rikici ya raba da gidansa. Kuma akwai wani fanni na aikin lafiya da aka kafa musamman domin wannan buƙata. Mu a Borno mun fi kowa buƙatarsa a ƙasar nan, amma da yawanmu ko labarinsa ba mu taɓa ji ba. Shi nake so mu tattauna a yau.

Abin da hijira ta ƙwace

Tun daga 2009 muke cikin wannan jarrabawa, amma kwararar jama'a zuwa Yerwa ta fi ƙamari ne daga 2014. Gwoza ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Agustan shekarar, Bama ta bi baya a watan Satumba, sannan aka afka wa Baga a farkon Janairun 2015. Sansanonin Dalori da Bakassi da Gubio da Muna suka cika maƙil. Amma mu mazauna unguwanni mun san cewa mafi yawan waɗanda suka shigo ba su taɓa kwana a sansani ba. A zaurukanmu suka sauka, da kangwaye, da ɗakunan haya, da gidajen dangi. Ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana nuna cewa fiye da mutum miliyan 2 ne suka rasa matsugunansu a arewa maso gabas, kuma mafi yawansu a Borno suke.

Su wane ne waɗannan mutane kafin a fara kiransu 'yan gudun hijira? Masunta ne na Baga da Doron Baga, cikinsu har da Hausawa da yawa da iyayensu suka zo bakin Tafkin Chadi neman kifi suka zauna. Manoman masakwa ne na ƙasar Dikwa, da manoman alkama na Marte. Makiyaya ne da matansu masu tallan nono. 'Yan kasuwar kan iyaka ne na Gamborun Ngala da Banki. Maɗinka hula ne na Bama. Kowannensu yana da aikin da ya iya tun yana yaro, kuma da wannan aikin aka san shi.

A ƙasar Hausa da ƙasar Barno, da sana'a ake kiran mutum: mai kifi, maƙeri, mahauci, mai ƙosai. Sana'a ce take faɗa masa lokacin tashi da lokacin kwanciya, ita take haɗa shi da abokan hira, ita take ba shi bakin magana a gidansa. Idan aka raba magidanci da ita, aka ba shi kati ya riƙa bin layin abinci shekara bakwai ko takwas, asarar ta wuce ta kuɗi. Yini ya zama ba shi da farko ba shi da ƙarshe. 'Ya'yansa sun tashi ba su taɓa ganin ubansu ya dawo daga aiki ba. Wannan ciwo ne, ko da ma'aunin zafin jiki ba ya nuna shi.

A watan Oktoban 2021 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar da cewa za a rufe sansanonin da ke cikin Maiduguri, kuma kafin ƙarshen shekarar aka rufe Bakassi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022 an fitar da fiye da mutum 140,000 daga sansanoni takwas. Hujjar gwamnati ita ce zaman sansani ba rayuwa ba ce, kuma mutum ba zai dawwama yana jiran a ba shi ba. Wannan magana gaskiya ce. Sai dai rufe ƙofar sansani bai mayar wa kowa da komarsa ko gonarsa ba. Wasu sun koma garuruwansu, wasu da yawa kuma sun ƙara shigowa cikin unguwanni.

Sai ga ambaliyar 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga Abbaganaram da Gwange da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Mu da muka sauki baƙi shekara goma, a dare ɗaya muka zama masu neman inda za mu sa haƙarƙarinmu, har sai da aka sake buɗe Bakassi. Wanda ya yi kwana goma a ajin makaranta, ba shago, ba kasuwa, ba abin yi sai jiran mai rabon abinci, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da maƙwabcinsa ɗan Bama ya shekara goma yana sha.

Mene ne jinya ta hanyar aiki?

Sunan da Turawa suka ba wannan fanni, in an juya shi zuwa Hausa, shi ne jinya ta hanyar aiki. Ya kafu ne a matsayin sana'ar lafiya a Amurka a 1917, ya kuma bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka ga sojojin da suka dawo da raunuka ko ruɗewar tunani sun fi saurin farfaɗowa idan aka sa su saƙa da sassaƙa da sauran ayyukan hannu, maimakon a bar su kwance suna kallon rufin ɗaki. A 1952 aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, kuma ana tunawa da ranarsu duk 27 ga Oktoba. Wato fanni ne da yaƙi ya raina, don haka ba baƙo ba ne ga irin halin da muke ciki.

Kada a haɗa shi da gashi. Likitan gashi yana aiki ne a kan gaɓa: ya sa ƙafa ta miƙe, hannu ya ɗaga, tsoka ta yi ƙarfi. Shi kuma mai jinya ta hanyar aiki tambayarsa daban ce: da wannan jikin da kake da shi yanzu, yaya za ka yi wanka da kanka, ka zaga bayan gida da kanka, ka ci abinci da hannunka, ka je masallaci, ka koma neman abincinka? Abu uku yake dubawa tare: mutumin, da aikin da yake son yi, da wurin da zai yi shi. Wani lokaci mutumin ake horarwa, wani lokaci aikin ake sauƙaƙawa, wani lokaci kuma wurin ake gyarawa.

Ga misalai. Mutumin da abin fashewa ya cire wa ƙafa, an sa masa ƙafar roba, amma masan gidan da yake haya na tsugunno ne. Kujerar katako mai rami a tsakiya da ƙarfen dafawa a bango sun isa su raba shi da kunyar a riƙa ɗaukarsa. Dattijuwar da ta samu shanyewar ɓarin jiki, yatsunta ba sa iya damƙe cokali: a naɗe mariƙin da roba ko tsumma ya yi kauri, sai ta ci abinci da kanta. Telan da ƙafafunsa suka daina aiki: a mayar masa da keken ɗinki na juyawa da hannu, a rage tsawon teburin. Yaron da aka haifa a hanyar gudu, naƙuda ta yi tsawo, ya taso wuyansa ba ya tsayawa: a ƙera masa kujerar kusurwa da za ta riƙe bayansa, ya zauna ya ga duniya, uwarsa kuma ta samu hannu biyu ta yi sana'a. Wanda yake kwance ba ya iya juyawa: a koya wa masu jinyarsa juya shi duk bayan awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Haka abin yake a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga an kashe nasa a gabansa, ba ya barci, ƙarar faɗuwar kwano tana firgita shi, ba za a ce masa gobe ya fito kasuwa ya wuni ba. Kaɗan-kaɗan ake farawa. A tsara masa lokacin tashi da na kwanciya. A ba shi aikin rabin awa da ya saba da shi, kamar gyaran koma ko saƙar igiya ko ban ruwan 'yan shukoki. In ya jure, a ƙara. Daga nan a haɗa shi da mutum biyu ko uku su yi tare, har ya kai ga iya shiga cikin jama'a. Magani daga asibiti yana tafiya, aikin hannu yana tafiya, kowanne yana taimakon ɗan uwansa.

Inda tallafinmu yake kuskurewa

Kowa a garin nan ya ga yadda ake koyar da sana'a. A tara mata ɗari a rumfa ɗaya, a koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa cikin sati biyu, a ba su takardar shaida. Ko a raba wa mutum hamsin keken ɗinki a unguwa ɗaya. Babu wanda ya tambayi matar nan ko idonta yana ganin ramin allura. Babu wanda ya tambaye ta ko tana da ɗakin da za ta ajiye keken, ko wa zai riƙe mata yara, ko wa zai kawo mata ɗinki alhali maƙwabtanta arba'in da tara su ma an ba su irinsa. Babu wanda ya tambaye ta abin da take yi a garinsu, wataƙila shekara ashirin ta yi tana bandar kifi, kuma ta fi mai koyarwar sanin ciniki.

Ƙarshen abin, sai a ga keken a kasuwa an sayar da shi rabin kuɗinsa an sayi masara. Sai a ce ba su da godiya. Ni ban ga rashin godiya a nan ba. An ba mutum takalmin da ba a auna ƙafarsa ba, ya sayar ya sayi abin da zai ci.

Waɗanda kuma suka fi buƙata ba sa ma zuwa wurin rabon. Gurgu ba ya iya turereniya a layi. Mai ciwon damuwa ba ya fitowa daga ɗaki. Tsoho ba ya jin sanarwa. Uwar yaro mai lalura ba ta da wanda za ta bar wa shi. Tsarin da ya ce a zo a karɓa, masu ƙarfi yake zaɓa tun kafin a fara.

Babban darasin jinya ta hanyar aiki shi ne a fara da tambaya. Me kake yi a da? Me kake so ka koma yi? Me ya hana ka? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amsar wani jari ce, amsar wani tabarau ce, amsar wani keken guragu ce, amsar wani kuma a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa.

Abin da muke da shi da abin da ya rage

Ba za a ce ba a yi komai ba. A 2020 aka buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi da haɗa ƙafar roba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da taimakon ƙungiyar Red Cross ta duniya. Kafin nan sai an kai mutum asibitin ƙashi na Dala a Kano. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a hanyar Baga. Jami'ar Maiduguri tana yaye likitocin gashi. Muna da ma'aikatar sake gina garuruwa da tsugunar da jama'a da aka kafa a 2015, da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas mai hedikwata a nan Maiduguri. Ta fuskar doka ma, a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, kuma wa'adin ya cika tun 2024. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Giɓin yana tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar gida. Asibiti zai sa wa mutum ƙafa ya sallame shi. Wa zai bi shi lungu ya ga cewa akwai kwata a ƙofar gidan da ba zai iya tsallakewa ba? Wa zai je wurin tsohon maigidansa a gareji ya nuna masa irin aikin da har yanzu zai iya yi a zaune? Masu wannan ilimi 'yan kaɗan ne a Najeriya baki ɗaya, kuma tsofaffin makarantun da suke koyar da shi a kudu suke, irin makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Yankin da ya fi ko'ina yawan masu raunukan yaƙi shi ne ya fi nisa da inda ake koyon kula da su.

Masu ja da wannan magana

Na san wani zai ce: malam, mai jin yunwa kake yi wa zancen sana'a? A fara cika ciki tukuna. Na yarda, kuma ban ce a daina rabon abinci ba. Wanda bai karya ba ba zai iya riƙe guduma ba. Amma mu duba inda abubuwa suka dosa. A 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito ta yi gargaɗin cewa kuɗin ciyar da jama'a a arewa maso gabas yana ƙarewa. Buhun da muke dogaro da shi yana ƙanƙancewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba a mayar da mutane ga aikinsu ba tun ana ɗan rabawa, ranar da rabon ya tsaya a ƙofar gidajenmu za a yi layin.

Wani zai ce: su koma garuruwansu mana, can gonakinsu suke. Da yawa sun koma, kuma babu wanda ya fi su son komawa. Amma ba mu manta da manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020 ba, aka yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya. Har yanzu akwai hanyoyi da gonakin da ake taka abin fashewa. Ban da haka, wanda ya rasa hannu, ko a Maiduguri yake ko a Bama, buƙatarsa ɗaya ce. Yaron da aka goyo aka shigo da shi garin nan a 2014 kuwa, yau saurayi ne ko ya kusa, bai san wani gari ba sai wannan. Ɗan unguwa ne, ko mun so ko mun ƙi.

Wani kuma zai ce: mu 'yan gari fa? Mu ma muna cikin wahala, komai sai a ce 'yan gudun hijira. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma raina shi yana haifar da gaba. Tun da aka hana hawa babur a garin nan a 2011 matasa da yawa suka rasa abin yi. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 da ambaliyar 2024 sun karya 'yan kasuwa da dama. Shi ya sa nake ganin a daina raba mutane da kati, a raba su da buƙata. Kafintan da ya iya ƙera kujerar bayan gida ga ɗan Gwoza, shi zai ƙera wa mahaifinka ranar da hawan jini ya kayar da shi. Abin da aka gina domin baƙo, ɗan gida ma zai ci moriyarsa.

Akwai kuma masu cewa sun saba da karɓa, ba sa son aiki. Wanda ya faɗi haka ya duba su wa suke tura kurar ruwa a unguwanninmu, su wa suke dako a kasuwa, su wa suke shiga daji neman itace da ƙarafa suna sane da cewa za su iya rasa ransu, su wa suke zaune a gindin bishiya suna ɗinkin hula har idonsu ya yi ja. Wanda ka gani zaune shiru ya kasa taɓuka komai, kafin ka kira shi malalaci ka bincika, wataƙila mara lafiya ne.

Abin da ya kamata a yi

Ga gwamnati da hukumomi, buƙata huɗu nake da ita.

Ta farko, Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwa su buɗe sashen koyar da jinya ta hanyar aiki, kamar yadda suke da na gashi. Kafin hakan ta samu, gwamnatin jiha da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas su ɗauki nauyin 'ya'yanmu maza da mata masu jin Kanuri da Hausa da Shuwa su je inda ake koyarwa, bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Wannan aiki ne na shiga ɗaki da jin sirrin mutane, ba ya yiwuwa da tafinta.

Ta biyu, a buɗe musu guraben aiki a manyan asibitocin jiha, kuma a ba ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa horo na gajeren lokaci, yadda za su gane mai buƙata su tura shi inda ya dace.

Ta uku, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da sauran cibiyoyin koyon sana'a su koya wa kafintoci da masu walda ƙera kayan taimakon naƙasassu bisa awo, ƙarƙashin kulawar masana. A Kano masu lalurar shan inna sun daɗe suna ƙera kekunansu da kansu suna sayarwa. Babu abin da zai hana mu.

Ta huɗu, duk makaranta da asibiti da kasuwar da za a gina ko a gyara, a cika dokar 2019. Gangaren hawan keken guragu yana da ƙa'ida: duk tsayin taku ɗaya, tsawon taku goma sha biyu. Abin da muke gani a wasu gine-gine, ko mai ƙafa biyu sai ya yi da gaske.

Ga ƙungiyoyin agaji, roƙona ɗaya ne: ku yi tambaya kafin ku sayo kaya, ku shiga gida-gida domin waɗanda ba sa iya fitowa, ku dawo bayan wata shida ku gaya wa jama'a mutum nawa ne har yanzu suke aiki da abin da kuka ba su.

Saura mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai abubuwan da ba sai mun jira kowa ba.

Mu haɗa kai da Bulamomi da Lawanai mu rubuta sunayen baƙin da ke unguwa tare da sana'ar da kowa ya iya, da abin da ya hana shi yi. Za mu sha mamakin yawan magina da makanikai da ungozomomi da malaman allo da ke zaune a cikinmu ba mu sani ba.

Masu gareji da shagon ɗinki da gidan burodi da wurin walda, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko babba ɗaya. A yi masa uzuri a watannin farko. Wanda ya shekara biyar bai yi aiki ba, ba zai dawo da ƙarfinsa a sati ɗaya ba. A fara masa da rabin yini, kuma a riƙa ba shi ɗan abin sawa a aljihu, komai ƙanƙantarsa.

Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su duba matakalarsu da wurin alwalarsu. Buhun siminti biyu da benci ɗaya suna iya dawo da mutum cikin jam'i bayan shekaru yana salla shi kaɗai a ɗaki. Masu gidajen haya kuma su bari a kafa ƙarfen dafawa ko a gyara bakin ƙofa in ɗan haya yana buƙata.

Mu sayi kayansu da farashin adalci. Hula mai kyau tana cin makonni kafin a gama ta. Wanda ya matse mai ɗinkin ya saya a wulaƙance don ya ga yana cikin matsi, ya ci guminsa ne. Matanmu su sa matansu cikin adashi, domin da yawa ba kyauta suke nema ba, amana suke nema.

Mu daina ɓoye masu lalura, mu daina ɗaure masu taɓin hankali. A raka su asibiti, a tsaya musu har su ga likita. Sannan mu san iyakarmu. Jan gaɓar da ta shanye da ƙarfi, ko ɗaure hannun yaro da kara ba bisa sani ba, yana iya ƙara ɓarna. Namu shi ne tambaya, da rakiya, da gyaran wuri, da buɗe ƙofar aiki. Abin da ya shafi jiki da magani a bar wa masu ilimin.

'Yan uwa, Maiduguri ta yi abin da garuruwa kaɗan ne suka taɓa yi: ta buɗe ƙofa ta karɓi jama'a masu ɗimbin yawa, ta raba ɗaki da tukunya da su. Wannan alheri ba zai cika ba sai ranar da wanda muka saukar ya daina amsa sunan ɗan gudun hijira, ya koma amsa sunan sana'arsa. Duk mai shago ko gareji da yake da gurbin mutum ɗaya, da duk wanda ya san wani maƙwabci da lalura ta tsare a ɗaki, ya sanar da mai unguwarsa ko shugabannin ƙungiya, mu ga ta inda za a fara.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya sa albarka a sana'o'inmu.

Sakataren Ƙungiya,
Abbaganaram, Maiduguri.